Uwargida, Kafin Ki Sayi Injin Ƙyanƙyasar Ƙwai

Yau ina so mu tattauna a kan wani baƙo da ya shigo gidajenmu, wanda na ga yana neman ya raba mata da 'yan kuɗinsu na adashi, watau ƙaramin injin nan na ƙyanƙyasar ƙwai da ake ajiyewa a ɗaki. Kusan duk gidan suna ko na biki da na je a 'yan watannin nan sai na ji ana zancensa. Wannan ta ce nata ƙwai 30 yake ci, waccan ta ce nata 60, har na ji wadda ta ce ɗan kunnenta na zinariya ta sayar don ta mallaki nata. Masu talla kuwa sai cewa suke yi ki zuba ƙwai kurum ki koma ki kwanta, bayan mako uku ki tashi ki kwashi 'yan tsaki.

Ra'ayina a kan wannan al'amari shi ne, injin abu ne mai amfani ƙwarai, amma a harkar kiwon kaji shi ne ya kamata ya zama abu na ƙarshe da mace za ta saya. Wadda ta fara da shi ta ɗora kaya tun ba ta yi gammo ba. Kuma ba ji na yi a bakin wata ba, ni kaina na ɗanɗana.

Shekara uku da suka wuce na kwashi adashi, na sa ƙanena ya sayo mini mai cin ƙwai 48. Na aika kasuwa aka haɗo mini ƙwai daga nan da can, na jera, na kunna, na shiga lissafin ribar da zan ci da Sallah. A kwana na 11 wutar unguwarmu ta lalace, ba a gyara ba sai bayan kwana biyu. Da ranar ƙyanƙyasa ta zo, bakwai ne suka fito, sauran duk baragurbi, ɗaki ya ɗauki wari. Cikin bakwai ɗin uku suka mutu a makon farko don ban san yadda ake ɗumama su ba. Da sanyin hunturu ya shigo sai annoba ta faɗa gidan ta kwashe huɗun da suka rage, ta haɗa da manyan kajina. A cikin wannan lokaci kuwa wata tsohuwar kazar surukata ta kwanta a kan ƙwai 11 cikin fasasshiyar tukunya bayan madafi, ta fito da 'ya'ya tara. Tsohuwa ta dube ni ta ce, "'Yar nan, ai kaza ba ta jiran a kawo wuta." Na ce, "Gaskiya ne, Inna," na sunkuyar da kai.

To, laifin ba na injin ba ne. Ni ce ban san aikin da na ɗauka ba. Saboda haka bari mu fara duba abin da kaza take yi wa ƙwanta, domin injin kwaikwayonta kurum yake yi.

AIKIN KAZA MAI KWANCI

Abu huɗu kaza take ba ƙwai: ɗumi, laima, juyi da iska. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi kafin ya ƙyanƙyashe. Na zabuwa kwana 26 zuwa 28, na talotalo 28, na agwagwar nan tamu ta gida kuwa har kwana 35. A duk tsawon wannan lokaci ɗumin da ake bukata a cikin inji mai fanka shi ne digiri 37.5 a ma'aunin zafi, kusan ɗumin jikin mutum ke nan. In ya yi ƙasa kaɗan, 'yan tsaki su makara kuma su fito da rauni. In ya haura 40 ya daɗe a can, sai su mutu a cikin ɓawo. Zafi ya fi sanyi saurin kisa, shi ya sa mu da ke Kano da Sakkwato da Maiduguri tilas mu yi hattara da bazara, lokacin da ɗakin kwano da rana yake iya fin zafin da ƙwai ke so tun ba a kunna kome ba.

Sai laima. Ɓawon ƙwai yana da ƙofofi ƙanana dubbai waɗanda ido ba ya gani, ta nan iska ke shiga, ta nan kuma ruwan ciki ke fita a hankali. A kwana 18 na farko ana son laimar cikin injin ta tsaya wajen kashi 50 zuwa 55 cikin ɗari, a kwana ukun ƙarshe kuma a ɗaga ta zuwa 65 ko 70. Da hunturu iskarmu bushewa take yi ƙarau, in ba ki kula da ɗan tiren ruwan da ke ƙasan injin ba, fatar cikin ƙwai za ta bushe ta manne wa ɗan tsako, ya fasa ɓawo amma ya kasa fita.

Juyi kuwa, kaza tana yinsa da baki da ƙafa sau da yawa dare da rana, don kada ɗan tayin ya manne a gefe guda. In injinki ba mai juyi da kansa ba ne, ke za ki yi, aƙalla sau uku a yini, kullum, har kwana na 18. Ki yi alama da fensir a gefe biyu na kowane ƙwai don ki san wanda kika juya. Daga kwana na 18 sai a daina juyi, a ƙara ruwa, a rufe, kada a riƙa buɗewa ana leƙe har sai sun gama fitowa sun bushe. Ba sa bukatar abinci a yinin farko, domin gwaiduwar da suka shanye kafin su fito tana riƙe su.

Wannan dabara ma ba yau aka fara ta ba. Mutanen Misira sun fi shekara dubu biyu suna gina ɗakunan laka na ƙyanƙyasa, suna hura wuta a hankali, masu aikin suna kwana a ciki suna juya ƙwai dubbai da hannu. Abin lura a nan shi ne kwanan da suke yi a wurin. Ko a wancan zamani ba a zuba ƙwai a tafi a bar su.

TAMBAYOYI UKU

Duk wadda ke son sayen injin, ta zauna ta amsa wa kanta tambayoyi uku tukuna.

Ta farko, ina za ki samo ƙwan? Ƙwan gidan gona da muke saye a kiret don soyawa ba ya ƙyanƙyashewa ko zai shekara a inji, saboda kajin da suka saka shi ba su tare da zakara. Ƙwan ƙyanƙyasa sai na kazar da ke da zakara lafiyayye, kimanin zakara ɗaya ga kaji goma. Har wa yau kada ya wuce mako guda da sakawa, domin daga nan ƙarfinsa raguwa yake yi kullum. A ajiye shi wuri mai sanyi, kamar gindin randa, tsinin yana kallon ƙasa. Kada a wanke shi, kada a ɗauki mai tsaga ko mai kashi a jiki. Ƙwan da kika saya a kasuwa ba ki san kwanansa ba, ba ki san ranar da ya sha a kan hanya ba, wannan shi ne kuskurena na farko.

Yanzu ki yi lissafi. Mace mai kaji biyar, ko da kowacce tana saka ƙwai kullum ba fashi, a mako 35 za ta tara, kuma mun san kajin gida ba haka suke yi ba. Kazar Hausa ba ta cika wuce ƙwai 40 zuwa 60 a shekara ba. To, da me za ki cika inji mai cin 60? Ko dai ki kunna shi rabi wofi kina biyan kuɗin wuta, ko ki cika shi da ƙwan kasuwa ki kwashi baragurbi. Alhali kuwa kaza ɗaya tana rufe ƙwai 10 zuwa 12, kaji uku masu kwanci sun ɗauke miki abin da kike da shi duka, ba ko sisi.

Ta biyu, ina za ki samo wuta ta kwana 21 ba yankewa? Ɗaukewar awa biyu ko uku ba ta kashe ƙwai in kin bar injin a rufe kin lulluɓe shi da bargo. Amma ta yini biyu irin tawa ta gama da su. Akwai injin da ke aiki da batir da faifan hasken rana, akwai kuma mai fitilar kananzir. Na farkon yana da tsada, na biyun yana son ido dare da rana, ga hatsarin gobara a ɗakin da yara ke kwana. Duk wanda za ki saya, ki haɗa kuɗin wutarsa a cikin lissafi tun daga farko, ki kuma sayi ma'aunin zafi na dabam ki sa a ciki, don lambar da injin ke nunawa ba kullum take gaskiya ba. Ki kunna shi wofi yini ɗaya ko biyu ki ga yadda yake kafin ki ba shi amanar ƙwanki.

Ta uku, wadda aka fi mantawa da ita, in sun fito wa zai zama uwarsu? Inji yana ƙyanƙyasa ne kurum, ba ya reno. Kaza ita ke sa 'ya'yanta ƙarƙashin fiffike, ta koya musu tsattsaga, ta yi faɗa da shirwa saboda su. Ɗan tsakon inji maraya ne. A makon farko yana son ɗumin digiri 32 zuwa 35, a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan kowane mako har gashinsa ya cika, wajen mako huɗu zuwa shida. Su da kansu za su gaya miki halin da suke ciki. In sun cunkushe wuri guda kusa da wuta suna kuka, sanyi suke ji. In sun gudu gefe suna haki, zafi ya yi yawa. In sun bazu suna ci suna sha, to, daidai ne. Mai ɗumama su da gawayi a tukunya ta bar wa iska hanya, domin hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki yana kashe 'yan tsaki, yana kashe mutum. A shimfiɗa musu ɓuntun shinkafa busasshe, a sa tsakuwa a cikin kaskon ruwansu don kada su faɗa su jiƙe. Ga kuma ɓera da muzuru da tunku suna jira. Dusa kaɗai ba ta gina ɗan tsako, yana bukatar abinci mai gina jiki kamar waken soya da aka soya aka niƙa, ko ƙuli-ƙuli, ko garin kifi, ko gara irin wadda iyayenmu ke kamawa a tukunya don 'yan zabi.

RIGAKAFI KAFIN INJI

Ko kin amsa waɗannan uku, akwai saura. Babban abin da ke hana kajin gida yawa a ƙasarmu mutuwa ce. Kajinmu sun iya ƙyanƙyasa sarai, 'ya'yan ne ba su kai girma. Kowacce a cikinmu ta san annobar nan da ta fi zuwa da hunturu, kaji su yi ta gyangyaɗi, su saki fukafukai, su yi koren zawo, wasu wuyansu ya murɗe, cikin mako guda akurki ya zama kango. Likitocin dabbobi suna kiranta cutar Niyukasul. Ba ta da magani in ta kama. Barkono da maɗaci da jan kafso da muke jiƙa musu a ruwa ba su kashe ƙwayar da ke kawo ta. Amma tana da rigakafi. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, tana yin maganin rigakafinta, har da wani iri da ake kira I-2 wanda ya fi sauran jure zafi, an yi shi ne musamman saboda kajin ƙauye. Ɗigo ɗaya ake sa wa kaza a ido, babba da ƙarama, a maimaita bayan wata uku ko huɗu. Lafiyayyun kaji ake yi wa, kuma tun kafin sanyi ya shigo. Kwalba ɗaya ta ishi kajin gidaje da yawa, in an haɗa ta kuma ba ta kwana, saboda haka sai maƙwabta su haɗa kai su kira malamin dabbobi rana guda.

Ku auna da kanku. Mace ta kashe kuɗin adashinta duka a kan inji, ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki 40, annoba ta kwashe su a Disamba. Wata kuma ta kashe ɗan abin da bai kai kuɗin atamfa ba a kan rigakafi da gyaran akurki, kajinta biyar suka ba ta 'ya'ya 30, 20 suka rayu. Wace ce ta ci riba?

Sa'an nan mu bar wasu halaye namu. Kazar da aka sayo daga kasuwa, ko aka kawo miki kyauta daga ƙauye, a ware ta mako biyu kafin ta shiga cikin naki. Kazar da ta fara gyangyaɗi kada a yi maza a kai ta kasuwa don a rage asara, wannan zuba wa 'yar'uwarki wuta ne a gida. Wadda ta mutu a binne ta da zurfi, kada a jefa a juji. Mu tuna da murar tsuntsaye da ta ɓulla a Jihar Kaduna a watan Fabrairu na 2006, karo na farko a Afirka, ta kuma sake dawowa a 2015. Wannan cuta tana iya kama mutum. In kin ga kaji suna zubewa da yawa farat ɗaya, kada ki yanka, kada yara su taɓa, a gaya wa ma'aikatan dabbobi. Kaji kuma su kwana a akurkinsu, su bar ɗakin da mutane ke kwana, duk wanda ya taɓa su ya wanke hannu da sabulu.

WA YA KAMATA TA SAYA?

Na san wata za ta ce, wato so kike mu zauna yadda kakanninmu suka zauna, kullum kaji biyar? A'a. Akwai matan da injin zai yi wa rana sosai.

Akwai mai kiwon zabi. Zabuwa da damina take saka ƙwai, kuma tana sakawa da yawa, amma ba ta da haƙurin kwanci da reno. Shi ya sa tun asali matan Hausa ke sa wa kaza ƙwan zabi. Sai dai ƙwan yakan fi ƙarfin kajin da ke gida, a ƙarshe a dafa a kai tasha. Mai inji tana iya mai da wannan ƙwai zabi, kuma kowa ya san darajar zabo a kasuwa.

Akwai mai ingantaccen iri. Kajin ƙwai irin na gidan gona, kamar Shika Brown wadda masana na cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya suka fitar, an zaɓe su ne saboda yawan sakawa, ba su cika kwanci ba. Wadda ke son ƙyanƙyashe irin wannan ƙwai dole ta nemi kazar Hausa ko inji. Amma ta sani, kajin gidan gona haɗi ne na iri dabam-dabam, 'ya'yan da za ta samu a gida ba lalle su kamo iyayensu wajen yawan ƙwai ba.

Akwai kuma wadda kajinta suka kai 20 ko 30, ta yi shekara guda tana rigakafi, ta iya reno. Ita in ta ɗauke wa kajinta kwanci da reno, watanni ke nan ta rage musu, za su koma saka da wuri.

Ga sauranmu masu kaji biyar-biyar, shawarata ita ce mu yi abin da muka fi kowa iyawa, watau adashi. Mata goma na unguwa ɗaya su haɗa kuɗi su sayi inji guda mai kyau da batir da faifan rana, a ajiye a ɗakin wadda ta fi natsuwa kuma ba ta yawan fita. Kowacce ta kawo ƙwanta na mako, a rubuta sunanta da fensir, a zuba rana ɗaya. Ta haka injin zai cika da ƙwan da aka san asalinsa, mai kula da shi a ba ta ladanta da 'yan tsaki, in asara ta zo kuma ba ta karya mutum ɗaya ba.

KU 'YAN MAKARANTA

'Ya'yana, a nan ne iyayenku ke bukatarku. Ki samo littafi ki ja layi, ki rubuta ranar da aka zuba ƙwai, guda nawa, zafin safe da na yamma, nawa suka fito, nawa suka kai wata biyu, nawa aka kashe a abinci. Yawancinmu muna cewa muna cin riba ne don ba mu taɓa rubutawa ba. A kwana na 7 ki ɗauki tocila da dare ki haska ƙwan ta wajen faɗinsa. Mai rai za ki ga jijiyoyin jini sun bazu kamar saƙar gizo-gizo da ɗan ɗigo baƙi a tsakiya. Wanda ya yi fayau babu kome, a cire shi kafin ya ruɓe ya fashe ya ɓata sauran. Wannan darasin kimiyya ne wanda kika gani da idonki, ya fi wanda kika haddace don jarrabawa zama a kai. Ki roƙi mama ta ba ki sagara ɗaya ta zama taki. In kin kula da ita, kuɗin littafi da na takalmi ba za su gagare ki ba.

Su kuma iyayen gida maza, muna roƙonsu da girmamawa. Kazar mace dukiyarta ce, ita ce asusunta ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi. In baƙo ya zo ana son yanka, a tambaye ta, a kuma biya ta. A taimaka mata da ginin akurki da kiran malamin dabbobi, tun da ba kowace mace ke fita ba.

Daga ƙarshe, uwargida, kada neman kuɗi ya sa ki sayar da ƙwan duka. Maganar nan da ake yi wai yaron da ke cin ƙwai zai yi sata ba ta da tushe ko kaɗan. Ƙwai yana cikin abinci mafi gina jikin yaro da mai ciki da mai shayarwa. Hausawa sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, to, bakin 'ya'yanki ya fi cancanta.

Injina yana nan ban sayar ba. Bana mu shida muka haɗa kai, mun sayi batir, mun yi wa kajinmu rigakafi tun kafin kaka, kuma ƙwan zabi muka fara zubawa. Kazar Inna kuwa tana bayan madafi ta sake kwanci.

Allah ya sa albarka a abin da muke kiwo, ya kare mu daga asara, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.